Bayan Ɗaya da Biyu

Mijina mai gyaran rediyo ne, kuma Allah ya sani ya fi duk rediyon da ta taɓa shiga shagonsa surutu. Shekara ashirin da takwas ke nan ina sauraronsa, har yau ban gano inda ake rage masa murya ba. Shagon nasa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, kan titin da ke gangarawa tashar mota, ɗan wurin da in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Daga Litinin zuwa Juma'a yana can a duƙe da ƙarfen narka dalma, tabarau a kan karan hanci, yana fama da fanka da dutsen guga da rediyoyin da masu su suka ƙi yarda sun mutu. In ka kawo masa gyara za ka tafi da ra'ayinsa kan gwamnati, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Amma wannan duk neman abinci ne. Ransa a Asabar da Lahadi yake. Akwai wata ƙungiyar makaɗa, mutum tara, kowa da sana'arsa a ranakun aiki, da ke bin garuruwa a ƙarshen mako suna wasa da yamma a lambunan shaƙatawa da zaurukan ma'aikata. Shekara ashirin da biyu yana tare da su. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa. In ya ɗauko waƙa a banɗaki yaranmu sukan tambaya ko famfo ne ya sake lalacewa. Shi ne mai sauti. Shi ke jan wayoyi, ya kafa lasifika, sannan ya zauna a tsakiyar 'yan kallo gaban wani faffaɗan akwati mai maɓallai da ake kira miksa, yana ɗaga wannan murya yana sauke waccan. In yana gaban akwatin nan, ko sunansa ka kira sau goma ba zai waiwayo ba.

Ni malamar aji uku ce. Da yara suka girma suka watse, na ce ban ga dalilin da zan zauna ina gadin kujeru ba alhali shi yana can yana ganin duniya. Ya ce motar ba wuri. Na ce ko a cinyarsa ne zan zauna. Tun daga ranar kujerar bayan direba ta zama tawa, jakar ƙananan wayoyinsa a kan ƙafata.

Ita motar majalisa ce mai taya. Kafin mu wuce gidan mai na ƙarshe a bakin gari an ɓalle da musu, shi da mai ganga, wani mutum mai faɗin kafaɗa wanda duk wanda ya hau mulki nasa ne.

"Kai fa ka zaɓe su," mai ganga zai ce.

"Ni na zaɓe su, shi ya sa nake da bakin zaginsu. Kai da ka kwana ranar zaɓe, yi mana shiru."

A haka za a tsaya shan shayi a hanya, su raba burodi ɗaya, kowa na tauna yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Shugaban ƙungiyar, mai jita, mutum ne mai sanyi. Sai ya sa hularsa a fuska ya yi kamar barci yake.

Abin da ya fito da mijina a idon jama'a gwajin makirfo ne. Ko'ina ka je, kafin a fara wasa mai sauti yakan hau dandali ya ƙwanƙwasa makirfo ya ce, "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu." Shi ya ce wannan aikin rago ne. "Ɗaya-biyu ba ta gwada komai," in ji shi. "Babu sha a cikinta, babu tsa, babu ƙa. In kana so ka ji ko lasifika na fito ko tana cin ƙarshen magana, ba ta magana ta gaske." Maganar gaske kuwa a wurinsa ita ce abin da ke ci masa rai. Da mun sauka a gari zai je wurin mai shayi ya tambayi abin da ke damun mutane, da yamma kuma ka ji shi ta lasifika huɗu:

"Titin tasha ya tsattsage, shugabanni sun sha shayi sun tashi. Na baya, kuna ji?"

Na baya su ce suna ji. Ya sauko ya taɓa maɓalli biyu, a fara kiɗa. Bai fi minti ɗaya ba, amma mutane suka koma zuwa da wuri don minti ɗayan nan, har suka sa masa suna Gwaji. Bai bar kowa ba. Ya taɓa masu mulki, ya taɓa 'yan adawa, ya taɓa masu zubar da shara a magudana alhali suna zaune a gabansa suna tafi. Ni kam sau tari nakan rufe fuska da mayafi, amma ƙarya nake in na ce ba na jin daɗi.

A bara ne hukumar shaƙatawa ta jiha ta ɗauki ƙungiyar wasan ƙarshen mako na wata uku, gari goma sha biyu, da sabuwar mota mai sanyi. Murna a wurin mutanen nan ba a magana. Aka haɗa mu da wani jami'i mai tsaf-tsaf, wanda ban taɓa ganin hammatarsa ba fayil ba, don haka a mota Mai Fayil muke ce masa. Makon farko ya ji gwajin ya yi murmushin da bai kai ido ba. Mako na biyu ya zo da takarda. Abin da ke ciki gajere ne: mai sauti zai ce "ɗaya, biyu" ya sauka. In ya ƙara ko kalma ɗaya, ya bar ƙungiyar a ranar. In ƙungiyar ta ƙi rabuwa da shi, ita ma ta bar motar da dandalin.

Shugaba da kansa ya kawo takardar gidanmu. Ya zauna a bakin kujera, ya ƙi taɓa ruwan da na kawo masa.

"Yaya," ya ce da mijina, don tun suna samari haka yake kiransa, "wata uku ne kawai. Ka yi min wannan."

Mijina ya cika ya batse. Ya ce shi ba agogo ba ne da za a saita shi. Ya ce gara ya zauna a gida.

A nan zan faɗi laifina. Ni na ce ya sa hannu. Na san abin da zama a gida ke yi masa. Shekarar da aka yi masa aikin ido ya yi wata biyu bai bi su ba, mutumin nan ya rame, ya daina musu da mai kawo jarida, ranar Asabar sai ya zauna a bakin gado yana kallon takalminsa. Ban so in sake ganin haka ba. Na bi shi ɗaki na ce, "Baban yara, bakin naka ba zai ruɓe a wata uku ba. Miksar nan in ta fita hannunka ba za ta dawo ba." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya fito ya karɓi biro.

Mako biyar ya yi yana cewa ɗaya, biyu. Mutane su yi ta ihu, "Gwaji, ƙaro mana!" Ya sauko kamar bai ji ba. A mota ma ya yi tsit. Mai ganga ya yi ta tsokanarsa, ya yabi gwamnati yabon da shi kansa bai yarda da shi ba, ko kallo bai samu ba. Rannan a wurin shayi ya matso kusa da ni ya ce, "Malama, me kuka yi wa mutumin nan? Ni fa burodi ba ya wuce min in ba a zage ni ba."

Gari na gaba gari ne da layin dogo ya raba biyu. Kwana goma kafin zuwanmu, gadar masu tafiya a ƙasa da ke tsallake layin ta rufta da safe, daidai lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta ke kanta. Rediyo ta ce mutum biyu sun rasu. Mun ɗauka za a ɗage wasan, amma hukuma ta ce a yi, wai don a kwantar wa jama'a hankali. Ranar Lahadi muka shiga garin wajen azahar. Muka wuce ta gefen gadar, an kewaye ta da kwanon rufi don kada a gani.

A lambun garin akwai wani mai kula da wutar lantarki, tsohon abokin mijina, wanda ke ba shi layi duk shekara daga wani ɗan ɗaki a bayan dandali. Kullum da ya hango mu sai ya ɗaga murya, "Ga ɓarawon wutata ya iso!" Ranar muka same shi zaune a kan bokiti a kife, ɗakin na warin ƙura da tsohon mai, bai ko tashi ba. Na ajiye jakar wayoyi. Mijina ya miƙa masa hannu ya ce, "Ashe abin da ya same ku ke nan. Allah ya jiƙan biyun nan."

Mai wuta ya riƙe hannun bai saki ba.

"'Yata ba ta cikin biyun," ya ce.

Ban gane ba da farko, har na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi. Sai na ga fuskarsa.

Ya ce ta fita za ta wurin koyon ɗinki, tana kan gadar. Biyun da aka faɗa su ne waɗanda aka ciro a gaban masu ɗaukar hoto. Sauran an kwashe su a motoci zuwa asibitoci daban-daban, wasu sun cika a hanya, wasu bayan kwana ɗaya ko biyu, kowa aka rubuta masa wani ciwo. Mutanen gari sun bi gida-gida sun ƙirga, goma sha huɗu.

"Na je ofis," ya ce. "Suka ce takarda ta nuna biyu. Na ce to ni wa na binne?"

Wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na ga an gaya wa mijina abu irin wannan bai ce komai ba. Ya karɓi layinsa, ya ja waya, ya kafa lasifika, ya ɗaure kowace mahaɗa da tef kamar yadda ya saba.

Ƙarfe huɗu lambun ya cika. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka da shiru haka ba. Ba wasa suka zo kallo ba, zaman gida ne ya ishe su. A layin gaba an jera kujeru masu hannu, manyan gari sun zauna. Ina zaune kusa da miksa Mai Fayil ya zo ya sunkuya kan mijina.

"Malam, yau fa a kiyaye. Ɗaya, biyu, ka tsaya a nan. Kar ka wuce biyu."

Wallahi bai san abin da ya faɗa ba. Daga babban birni ya zo, a wurinsa gwajin makirfo ne kawai. Ni kuwa nan take na ji yadda maganar za ta sauka a kunnen mutanen garin nan: mutum ya hau dandalin hukuma, ya ƙirga biyu ta lasifika huɗu, ya sauka.

Mijina ya hau. Ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa.

"Ɗaya."

Ya jira muryar ta je bangon baya ta dawo.

"Biyu."

Ya tsaya. Ba wanda ya ce ƙaro mana. Wata mata a gabana ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya ɗago ya neme ni da ido a cikin taron, ni da na bi shi ɗaki na sa shi ya karɓi biro. Na san abin da yake tambaya, na kuma san abin da za mu rasa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, da su, da takardarsu, da kaina. Na miƙe tsaye na ɗaga masa yatsa uku.

"Uku," ya ce.

A hankali ya yi ta, yana barin fili tsakanin kowace lamba kamar mai jiran a amsa. A biyar matar da ke gabana ta faɗa tare da shi. A bakwai wani dattijo ya cire hularsa ya miƙe. Kafin a kai tara duk lambun na ƙirgawa, ba ihu, ƙasa-ƙasa, irin yadda 'yan ajina ke yi in sun san amsar da gaske. Mai Fayil ya ruga bayan dandali a kashe wuta. Ya sami ɗakin a kulle, mai wuta na tsaye a ƙofa yana lalube aljihu.

"Makullin nan yanzu fa yana hannuna, ranka ya daɗe," yake cewa, yana ta lalube.

"Goma sha huɗu," in ji mijina. Ya tsaya. Wani wuri a baya mace ta fashe da kuka. Ya ɗan saurara, sannan ya juya ga makaɗa ya ce, "Sauti ya yi," ya sauko.

Ba su iya korarsa nan take ba, don ba wanda ya san kan miksar sai shi. Ya zauna ya yi aikinsa har ƙarshe, kuma ban taɓa jin ƙungiyar nan ta fita tas kamar ranar ba. Mai ganga yana kiɗa hawaye na sauka a gemunsa. Manyan gari dai kafin waƙa ta biyu kujerunsu sun zama wayam.

Da aka tashi Mai Fayil ya zo da takardar a buɗe. Shugaba ya fara kame-kame, wai ai lambobi ne kawai, gwaji ne ya ɗan yi tsawo. Mijina ya dakatar da shi.

"Kar ka yi min ƙarya a kai. Na san abin da na sa wa hannu, na kuma karya shi da sanina." Ya juya ga Mai Fayil. "Rubuta. Ka rubuta goma sha huɗu, ko a nan ne ta shiga takardarku."

Ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya share miksar da tsumma, ya rufe akwatin, ya ciro makullin daga zoben makullansa ya sa wa Shugaba a tafin hannu. Shugaba ya ce, "Yaya, mutum takwas ne a bayana." Mijina ya ce, "Na sani. Wanda zai karɓa, ka gaya masa layi na shida na miksar yana da tsami, fito yake yi, kar ya ɗaga shi da yawa." A hanyar komawa ko shayi ba a tsaya sha ba.

Ba su sake kiransa ba, ko bayan wata ukun. Hukuma ta sabunta musu aikin da sharaɗin, kuma ban riƙe Shugaba a zuciya ba, ko da yake na daina kai wa matarsa ziyara.

Asabar ɗin da ta biyo bayan wasan nan mijina ya tashi da sassafe, ya yi wanka, ya goge rigarsa, sai da ya sa ƙafa ɗaya a takalmi sannan ya tuna. Ya zauna a bakin gado. Ina kicin ina jin shirun, ina wanke kofin da na riga na wanke. Wajen ƙarfe bakwai wayarsa ta yi ƙara. Mai wuta ne. Na ji mijina yana cewa inna lillahi, ya ajiye wayar.

"Akwai wani magini da ke kwance a asibiti tun ranar," ya ce. "Ya cika jiya. Sha biyar ke nan." Ya dubi hannuwansa. "Ni kuma ba ni da makirfo."

Na ce, "Sa ɗaya takalmin."

Muka gangara tasha muka shiga motar haya kamar kowa, mu biyu a kujerar tsakiya, za mu gaisuwa. Direba ya kunna kiɗa, lasifikarsa a fashe take, ganga ta danne muryar mai waƙa. Can na lura da yatsun mijina a kan gwiwarsa, babban yatsa na turawa sama, manuni na ja ƙasa, yana gyara sautin a kan wandonsa bai sani ba. Abin ya soke ni. Na ɗora hannuna a kai na danne.

Da muka kusa garin aka hango kwanon rufin da ya kewaye gadar, hira ta koma kanta. Wani mai kwat a kujerar gaba, jarida a naɗe a hannu, ya ce ai abin bai kai yadda ake zuzutawa ba, mutum biyu ne, sanarwa ta fito. Wai wani mahaukacin mai sauti ne ya tayar da hankalin jama'a makon jiya.

Mijina ya zare hannunsa daga ƙarƙashin nawa.

"Sha biyar," ya ce.

Bai ɗaga murya ba, amma har na kujerar ƙarshe sun ji, direba ya kashe kiɗan. Mai kwat ya waiwayo.

"In ji wa?"

"In ji mahaukacin. Ni ne. Ka sauka tare da mu, in kai ka gidajen ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga da kanka."

Mai kwat ya buɗe jaridarsa ya sa fuska a ciki. Da motar ta tsaya bai sauka ba. Mu muka sauka, mijina a gaba ina bin sa, ya tsayar da mutum na farko da muka gamu da shi ya tambaye shi hanyar gidan maginin.